Zamanin Sarki Ado, Daga Bakin Gona

A watan Oktoba na 1963, ana tsakiyar cirar gyaɗa, dawa ta fara sunkuyar da kai, labari ya ratsa ƙauyukan ƙasar Kano cewa an yi sabon sarki. Shi ne na uku da Kanawa suka gani a cikin shekara guda. Farkon shekarar Sarki Muhammadu Sanusi ne a Gidan Rumfa, mutum mai kwarjinin da ko Sardauna sai ya shirya kafin ya tunkare shi. Gwamnatin Kaduna ta turo wani Bature mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'e, binciken ya ƙare da murabus ɗin Sarki, aka kai shi Azare. Aka naɗa baffansa, Muhammadu Inuwa ɗan Sarki Abbas, wanda ya yi wata shida kacal Allah ya karɓi abinsa. Daga nan masu zaɓen sarki suka tsayar da Ado, ɗan Sarki Abdullahi Bayero, jakadan Najeriya a Senegal, ɗan shekara 33. Mai kallo daga nesa zai ɗauka an samo yaron da Kaduna za ta riƙa juyawa yadda ta so. Ba a cika shekara uku ba sai ga shi babu Sardauna, babu gwamnatin tasa. Ba a cika huɗu ba ita kanta Jihar Arewa aka yanyanka ta. Shi kuwa yana kan karaga har ranar 6 ga Yuni 2014.

An saba ba da labarin wannan sarki daga Ƙofar Kudu, inda kakaki da tambari ke tashi. Ni na fi son a tsaya a arewacin birni a hango shi, domin a can ne waɗanda suka ɗauki nauyin sarauta a wuyansu suke. Wanda ya fita ta Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Mazugal ya ɗauki hanyar Katsina ko ta Kazaure zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Ungogo, Dawakin Tofa, Minjibir, Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa: gona na bin gona, gida na hango gida, ba a barin ƙasa ta huta. Ƙasa ce jigawa mai yashi, ba ta ba ka komai sai ka ba ta taki. Shi ya sa tun kaka da kakanni jakai ke shiga birni da itace su fito da mangala cike da shara da toka, a zube a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ake haɗa su. Kowace ɗorawa, kowace kuka, kowace tsamiya tana da mai ita, kuma ana raba ta a gado. A ƙasar da taku goma na gona ke iya raba wa da ƙane, wanda ke da ikon cewa "nan ne iyaka" ba ƙaramin mutum ba ne.

Wannan yanki kuma ba baƙo ba ne a gidan sarautar Kano. Biyu daga cikin gidaje huɗu masu zaɓen sarki nan suke da tushe: Yolawa masu sarautar Madaki a Dawakin Tofa, da Ɗambazawa masu sarautar Sarkin Bai a Ɗambatta. Mahaifin Ado, Abdullahi Bayero, yana Ciroma hakimin Bichi aka kira shi sarautar Kano a 1926, kuma ɗansa Sanusi shi ma ya riƙe Bichi da wannan sarauta ta Ciroma. In aka ƙara komawa baya, a Fanisau ne Sarki Ibrahim Dabo, kakan gidan, ya kafa sansani yana fama da Ɗan Tunku, wanda ya tayar masa da ƙayar baya daga arewa kafin ya je ya kafa Kazaure. A can Fanisau ɗin Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya same shi a 1824. Al'ada ce Sarkin Kano ya hau ya je Fanisau a kwanakin salla.

To me sarauta take nufi ga mutumin Bichi ko na Kunci a 1963? In ka ce masa "hukuma", ba Kaduna zai tuna ba, balle Ikko. En'e zai tuna. Alƙalin da zai raba masa gado na En'e ne. Ɗan dokan da zai sa masa ankwa na En'e ne, gidan yarin da za a kai shi ma haka. Malamin daji da zai ci shi tara don ya sare reshen gawo a gonarsa ta gado, da duba-garin da zai leƙa randar matarsa, duk albashinsu daga baitulmalin Sarki yake fitowa. A kan dukkan waɗannan kuma ga haraji. Da kaka ta yi, dagaci zai baje tabarma a ƙofar gida, malamin haraji a gefensa da littafi, masu unguwanni na kiran sunayen magidanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya biya a yaga masa rasit, ya naɗe ya cusa a cikin hula ko a laya, don ba ya shiga kasuwa ko ya hau mota hankali kwance sai da shi. Wanda bai da shi, sai akuya ta tafi kasuwa, ko a auna gyaɗar da aka ajiye don iri. Wanda ya rasa duka, a zaunar da shi a rana a gaban 'ya'yansa, ko ya sulale da asuba ya tafi cin rani. Fulani kuma da damina suke nasu wasan ɓuya da masu ƙirgar jangali. Wannan ne ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, kunnen talaka. Jagoranta Malam Aminu Kano bai sha wahalar bayyana wa manomi ma'anar zalunci ba.

Ado Bayero ya san wannan tsari ciki da bai, don a cikinsa ya yi aiki. An haife shi a 1930, ya yi karatun allo a fada, ya shiga Midil ta Kano da makarantar koyon Larabci, ya taɓa aikin akawu a bankin Turawa, sannan ya koma En'e a 1949. Ya ƙaro karatu a Zariya, ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, a 1957 kuma aka naɗa shi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan Kano baki ɗaya. Ya riƙe wannan muƙami har 1962, a shekarun da siyasa ta fi zafi, lokacin da kama ɗan NEPU a kai shi gaban alƙali bisa laifin zagin sarki ko taro ba izini ya zama ruwan dare. Shaidar da aka fi yi masa ita ce ya rage wannan ɗabi'a ta tsare 'yan hamayya don a faranta wa manya. Zuwansa Senegal ma bai rasa nasaba da gida ba: ƙasar Shehu Ibrahim Inyass ce, wanda mahaifinsa ya haɗu da shi a aikin hajji a 1937, haɗuwar da ta buɗe wa Faila, tafiyarsa ta Tijjaniyya, ƙofar Kano.

Jarrabawa ta farko ba ta jira ya zauna da kyau ba. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwamandan bataliyar soja da ke Kano a ranar shi ne Odumegwu Ojukwu, wanda bai bi masu juyin mulkin ba, kuma abota ta ƙullu tsakaninsa da Sarki, har da ya zama gwamnan Jihar Gabas ya naɗa shi uban Jami'ar Nsukka. Amma a cikin wannan shekara aka zubar da jinin 'yan ƙabilar Ibo a Kano, a Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama. Sarki ya fita da kansa yana kwantar da tarzoma, abin ya fi ƙarfin baki. Baƙin tabo ne a tarihin garin, kuma a nan sabon sarki ya ga iyakar abin da rawani ke iya tsayarwa in bindiga ta fito.

Daga nan aka shiga zare masa iko, zare bayan zare. A watan Mayu na 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Kano ta samu gwamnanta na kanta, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, yana zaune a Nassarawa, tafiyar mintoci daga fada. A da mai iko da Sarki yana Kaduna. Yanzu ga shi a maƙwabta. A 1968 aka karɓe kotunan alƙalai aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka rufe kotun Sarki, wadda a da har hukuncin kisa take yankewa. Gidajen yari suka koma hannun tarayya, aka kuma shiga narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya. Tsohon Wakilin Doka ya ga rundunar da ya shugabanta ta canza kaki a zamanin gwamna ɗan sanda. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya binne En'e ɗungurungum, baitulmali ya koma hannun ciyamomi da kansiloli, aka bar wa Sarki majalisar ba da shawara. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta damƙa dukkan filaye a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Cikin shekara 15, kusan duk abin da yayansa Sanusi ya yi mulki da shi ya fita daga gidan.

Ba a Kano kaɗai iskar ta kaɗa ba, kuma a wasu wuraren ta fi muni. A Uganda, Obote ya kori Kabaka Mutesa daga fadarsa a 1966, ya soke masarautun ƙasar a shekarar da ta biyo. Indiya ta yanke wa sarakunanta albashi da gata a 1971. A Habasha sojoji suka tumɓuke Haile Selassie a 1974. Akan kwatanta matsayin da sarakunanmu suka koma da na Sarauniyar Ingila, wai suna sarauta ba sa mulki. Kwatancen yana da rauni. Dokar da ta ɗaure hannun Sarauniya ita ce kuma ta kare kujerarta, babu firayim ministan da zai tashi da safe ya aika mata takardar sallama. Sarkin Kano an ɗaure hannunsa, ba a kare kujerarsa ba. Tsarin mulkin 1999 ko ambaton aikin sarakuna bai yi ba. Naɗi da tuɓewa duk suna cikin dokar jiha, dokar jiha kuma tana aljihun gwamna.

A wannan tsakanin ita ma ƙasar noma ta juya. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi, arewacin Kano ya cika da mutanen Nijar masu neman abin kai wa baki. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar da aka san Kano da ita ta rushe ba ta sake tashi ba. Kuɗin man fetur ya maye gurbin kuɗin manomi a asusun hukuma. Madatsun ruwan da Audu Baƙo ya ɗauko shirinsu, irin su Watari a Bagwai da Tomas a ƙasar Ɗambatta, suka kawo noman rani. Matasa suka kama hanyar birni, wasu masaƙun Bompai da Sharaɗa, wasu dako da tura kura. Daga baya kasuwar Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, ta zama matattarar hatsin Afirka ta Yamma. Duk waɗannan ba da umarnin fada aka yi su ba. Manomi ya fara gane cewa takin zamani da rijiyar burtsatse daga sakatariya suke zuwa.

Sai 1979, jam'iyyar PRP ta ci Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna yana ɗan shekara 39. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. A ƙauyuka murna aka yi ta gaske, kuma duk wanda ya taɓa ganin an zaunar da ubansa a rana ba zai ce ba a yi daidai ba. Niyyar 'yan PRP a fili take: a karya ƙashin bayan sarauta, don haraji ne igiyar da ta ɗaure talaka a ƙofar dagaci. A ganina abin da ya faru kishiyar haka ne. Ranar da dagaci ya daina bin mutane kuɗi, ranar ya daina zama abin gudu. Mutumin da a da in ya hango shi sai ya canza hanya, yanzu da ƙafarsa yake zuwa ya kawo ƙarar maƙwabcinsa. Rimi ya sauke wa sarauta kayan da ya fi jawo mata baƙin jini, ba tare da ya nufa ba.

Shekaru biyun da suka biyo baya su ne mafi tsanani a zamanin Sarki Ado. A Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki, sai da soja suka shigo, aka rasa rayuka fiye da 4,000. Abin lura shi ne, wannan Maitatsinen, wato Muhammadu Marwa, Sarki Sanusi ya taɓa korarsa daga Kano a 1962, da umarni ɗaya. A 1980 Sarki ba shi da ɗan doka ko guda da zai aika, waɗanda ke da 'yan sanda da soja kuma suna ta jan ƙafa da zargin juna har wuta ta kama. A 1981 Rimi ya ɗaga Gaya, Rano, Ƙaraye da Dutse suka zama masarautu masu cin gashin kansu. A farkon watan Yuli gwamnati ta aika wa Sarki takardar tuhuma, tana zarginsa da raina ta, ta ba shi awa 48 ya kare kansa. Kowa ya karanta abin da ke tafe, don ba a manta da 1963 ba. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Aka ƙone gidan Rediyon Kano da kamfanin jaridar Triumph da wasu ma'aikatun gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Masu son Sarki kan ba da labarin ranar a matsayin ranar da Kanawa suka tsaya wa sarkinsu. Mabiya Rimi kuwa har yau suna cewa 'yan adawa ne suka yi hayar 'yan daba suka fake da sunan fada. Ko wanne aka ɗauka, an kashe malami mai ilimi a kan rigimar da ba ta kai ran mutum ba, kuma bai kamata a riƙa tsallake sunansa in ana yabon wannan zamani ba.

Maganar tuɓe Sarki ta mutu daga ranar. Rimi ya sauka a 1983, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa 'yan watannin, Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe ya rushe sababbin masarautun. Amma ba a daɗe ba aka sake tuna wa Sarki matsayinsa. A 1984 ya je Isra'ila tare da amininsa Ooni na Ife, Okunade Sijuwade, alhali Najeriya ba ta hulɗa da ƙasar. Gwamnatin Janar Buhari ta karɓe fasfo ɗinsu ta hana su fita daga ƙasashensu har wata shida. Bai ce uffan ba, ya zauna ya cika wa'adin. A 1991 aka yanke Jigawa, gabashin masarautar ya tafi, Dutse da Ringim suka samu sarakunansu, Ɗambatta ta wayi gari a bakin iyakar jiha. Nan ma bai ɗaga murya ba.

Mutum zai tambaya, in an karɓe kotu da kurkuku da haraji da ƙasa, me ya rage? A je ƙauye a farkon damina a gani. Ruwan shuka ya sauka, wani ya kai garma ya ci kunya biyu daga gonar maƙwabcinsa, ko magada sun tashi raba gonar da aka jinginar tun zamanin kakansu. A takarda, wannan aikin kotu ne da ƙaramar hukuma. A zahiri, wurin mai unguwa ake fara zuwa, in ta fi ƙarfinsa a wuce gaban dagaci. Dagaci zai sa rana, ya taho da dattawa biyu ko uku waɗanda suka yi noma a wurin tun suna yara. A bi layin gamba ko na lalle da aka dasa a kan iyaka, a nemo kututturen tsohuwar bishiya, wani tsoho ya dafa sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan mahaifin wannan yake ɗaure jakinsa, ni ganau ne." A kafa dutse, a yi fatiha, kowa ya koma bakin aikinsa kafin ƙasa ta bushe. Kotu za ta iya shekara ba ta gama wannan shari'a ba, kuma ko alƙalin in ta zo gabansa dagacin zai aika a kira. Cinikin gona ba ya zama sai da sa hannunsa. Baƙon da ya sauka a gari, matar da ta yi yaji, shanun da suka shiga wake, ganin watan azumi, duk ta wannan tsani suke hawa: mai unguwa, dagaci, hakimi, Sarki. Gwamnati ta karɓe iko, amma ba ta taɓa gina wani tsanin da ya kai ƙofar kowane gida kamar wannan ba.

Hikimar Ado Bayero ita ce ya gane wannan tsani ne jarinsa, ya kuma tsare shi shekara hamsin. Yana zaman fada a kai a kai, talaka na iya zuwa ya faɗi ya yi gaisuwa ya kai kuka, dogarai su amsa masa da "Sarki ya gaishe ka". Rawanin dagacin ƙaramin ƙauye ma a gabansa ake naɗawa. Yana fita rangadi ƙasashen hakimai, ya buɗe masallatan Juma'a, ya ja kunnen manoma kada su sayar da hatsinsu kaf da kaka, ya ce a sa yara makaranta. Tsakanin Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Izala, wadda ta bayyana a 1978 ta raba kan gidaje da yawa, ya riƙe matsayin uban kowa gwargwadon iko. Maganarsa kaɗan ce ƙwarai, a hankali, sau da yawa daga bayan amawali. Ba a san shi da hira da 'yan jarida yana sukar gwamnati ba, ba a kuma taɓa jin ya fito fili ya ce ga jam'iyyarsa ba. Duk salla yakan hau ya je gidan gwamnati a hawan Nassarawa, al'adar da ta samo asali tun zuwa gaida Razdan. Gwamnoni na soja da na farar hula sun yi ta sauyawa a wannan gida, mai ziyarar bai sauya ba, har aka kai ga gwamnonin da suna 'yan makaranta lokacin da aka naɗa shi.

Shirun nan yana da farashi, kuma ba shi kaɗai ya biya ba. An yi lokutan da jama'a suka so jin muryarsa a kan zaluncin masu mulki, musamman a zamanin Abacha, wanda shi ma ɗan Kano ne, ba su ji ba. Birni ya yi ta cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, ana yanka gadon mutane fuloti-fuloti ana ba su diyyar da ba ta sayen rabin abin da aka karɓa, kuma a cinikin filaye da yawa akwai hannun masu rawani na ƙasa. Yawan ƙananan hukumomi ya kai 44, gundumomin hakimai suka ƙaru, 'ya'yan sarki da jikokin gidan Dabo suka samu kaso mai tsoka, har a garuruwan da ke da nasu tsofaffin gidajen sarauta. Bara da yawon almajirai da shaye-shayen matasa duk a idonsa suka girma. Mai kare shi zai ce ba shi da baitulmali balle ya gyara. Gaskiya ne. Amma wanda ake jin maganarsa fiye da ta kowa a jiha, in ya zaɓi ya yi shiru, shirun ma hukunci ne.

Duk da haka, in gwamnati ta maƙale, ƙofarsa take bugawa. Da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka dawo da shi a 2004, ma'aikatan lafiya sun tarar takardar ma'aikata ba ta buɗe ƙofar gida a ƙauye. Mai unguwa ne ke shiga gaba, ya yi sallama, ya kira maigida da sunansa, sannan a fito da yara.

Ƙarshen zamaninsa ya zo da abin da bai taɓa gani ba. Ranar 20 ga Janairu 2012 Boko Haram ta kai hare-hare a birnin Kano, aka kashe mutum fiye da 180 a yini ɗaya. Bayan shekara guda, ranar 19 ga Janairu 2013, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsa wuta kusa da Masallacin Murtala yana dawowa daga saukar karatu. Direbansa da dogarai suka rasu suna kare shi, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, aka fita da shi Landan. Tsofaffi a karkara sun kasa gaskata labarin, don a tarbiyyarsu ko nuna Sarki da yatsa ba a yi. Ya dawo, aka yi bikin cikarsa shekara 50 a kan karaga a wannan shekara, jiki ya riga ya yi rauni. Ya rasu ranar Juma'a, 6 ga Yuni 2014, yana da shekara 83. Aka yi masa salla a Ƙofar Kudu, aka binne shi a gidan Nassarawa. Babu sarkin Fulani da ya kai shi daɗewa a Kano.

Cikin waɗanda suka zauna zaɓen magajinsa har da Sarkin Bai Mukhtar Adnan, hakimin Ɗambatta tun 1954, wanda da shi aka zaɓi Inuwa, da shi aka zaɓi Ado a 1963. Gwamna Kwankwaso ya amince da Sanusi Lamiɗo Sanusi, jikan sarkin da aka kai Azare. A watan Mayu na 2019 Gwamna Ganduje ya raba masarautar gida biyar, Bichi ta zama fadar sarki mai sanda, aka ba Aminu ɗan Ado Bayero. Kafin shekarar ta ƙare sabuwar masarautar ta sauke hakiman Ɗambatta da Dawakin Tofa don sun ƙi kai mata caffa, wato Sarkin Bai da Madaki, masu zaɓen Sarkin Kano. A Maris 2020 aka tuɓe Sanusi, Aminu ya koma Kano, ƙanensa Nasiru ya hau Bichi. A Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe masarautun ya maido da Sanusi Gidan Rumfa, Aminu ya sauka a gidan Nassarawa, magana ta koma kotu, Bichi ta koma ƙasar hakimi. Dagatan arewacin Kano sun sauya inda suke kai gaisuwa sau biyu cikin shekara biyar. Dokar da ta kafa masarautar Bichi ranar 8 ga Mayu 2019, da wadda ta rushe ta ranar 23 ga Mayu 2024, kowacce a ranar da majalisar jiha ta zartar da ita gwamna ya sa mata hannu.